Faifan Jaz Ɗin Malam, Daga Maraɗi Zuwa Bwari

Tun da na dawo ban huta ba. A gidan suna, a wurin zubin adashi, har a layin niƙa, tambaya ɗaya ce: “Hajiya Rabi, wai da gaske don faifan garmaho kika ƙetare iyaka har Abuja?” Wasu sun ce haihuwar autata na je karɓa na ɓoye, wasu sun ce asibiti na je. Bakina ya gaji da maimaici, kuma na lura kowa na ƙara wa labarin nasa gishirin, har an kai ga cewa a jirgin sama na tafi. To ga shi a rubuce, wadda idonta ya yi rauni jikanta ya karanta mata. E, don faifai na je.

Malam, maigidana, tsohon malamin Ingilishi ne. Yana saurayi aka tura shi ƙaro ilimi Zariya, ya dawo da Ingilishin, ya kuma dawo da son kiɗan jaz, wanda babu wanda ya aike shi. A wani otal a Kaduna ya ji wasu makaɗa, ’yan Najeriya da ’yan Gana, ya sayi faifansu, wanda shi kaɗai suka taɓa bugawa. A jikin kwalin akwai hoton jirgin ƙasa, don haka a gidanmu Mai Jirgi ne sunansa. Satin da na tare ya sa mini shi don ya burge ni, ni kuwa na yi zaton garmahon ne ya lalace. Kowa na busa nasa, babu mai jiran wani, ba waƙa ba amshi. Shekara da shekaru ina ce masa hayaniyar tasha ce, shi yana ce mini kunnen ungozoma bai san komai ba sai kukan jarirai. A daminar da bangon ɗakinsa ya zube Mai Jirgi ya fashe, sauran fayafayan suka tsira.

Bara kunnensa ya fara nauyi. Da farko na ɗauka iya shegen tsofaffin maza ne, don in na ce a gyara famfo ba ya ji, in na ce abinci ya sauka yana ji. Da muka je asibiti likita ya ce jijiyar kunnen ce ke mutuwa a hankali, kuma ba ta dawowa. Da muka kusa gida Malam ya juyo wurina.

“Rabi,” ya ce, “da zan ƙara jin Mai Jirgi ko sau guda, kahin kunnen ga ya ruhe.”

Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Jikoki suka bincike waya ciki da bai, babu kiɗan nan ko’ina. Sai ga surukinmu Kabiru, mijin autata Zara’u, ya aiko da hoton kwalin daga Abuja, wai ya gan shi a wani shago a kasuwar Gudu. Malam ya hana a saya. Ya ce Zara’u da mijinta ba su san faifai ba, kwali za su sayo masa. Shi kuma gwiwoyinsa ba sa kai shi ko masallacin Juma’a sai da mota, balle Abuja. Na ce to ni zan je, zuwa da kai ya fi aike.

Kafin tafiya sai da ya sa ni a aji. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, ya fito da fayafayansa, ni da furfurata ina zaune gabansa kamar ’yar lakwal, wato makarantar boko.

“Ba a kama shi kamar waina,” in ji shi. “Gehe da gehe, da tahin hannu. Karkata shi ga rana. Mi kika gani?”

“Baƙi.”

“Baƙin ake so. In kika ga layukan sun yi toka-toka, allura ta cinye shi, ki aje. Ga karce nan, bi shi da farce a hankali. In farce ya wuce sumul, ƙara kawai zai yi. In ya tsaya, nan allura ma za ta tsaya.”

Ya nuna mini ramin tsakiya, ya ce in gefensa ya cika da ’yan zane-zane, an sa faifan ya fi a ƙirga. Ya koya mini kwantar da shi a kan madubi don a ga ko zafi ya kantarar da shi, da sunsuna kwali ko akwai fumfuna, da duba takardar tsakiya ko ta dace da kwalin, don sau da yawa riga daban mai riga daban. Daga ƙarshe ya ce kada in yarda sai na ji da kunnena, gaba da baya. Na ce ni da ban san daɗinsa ba, ta ina zan gane an kauce hanya?

“Shekara nawa kina zagin shi?” ya ce. “Kin hardace shi, ba ki sani ba ne.”

Ya sa kafinta ya yi mini wani akwatin katako shafal, daidai faɗin faifai, aka shimfiɗa tsohon zanena a ciki. Wannan akwati shi ya fara ja mini magana. A ɓangarenmu na iyaka aka duba takardata aka ce Allah Ya kiyaye. Da muka isa ɓangaren Jibiya, wani jami’i ya gan ni rungume da shi kamar jariri.

“Hajiya, mene ne a ciki?”

“Babu komai.”

“Babu komai kika rungumo tun daga Maraɗi?”

Ya buɗe, ya zazzage zanen, ya ƙwanƙwasa gindin akwatin yana kasa kunne ko akwai wani ɗaki a ɓoye. ’Yan motarmu suka fara tsaki. Na ga in ban faɗi gaskiya ba a nan zan yini, sai na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya kira wani babbansu mai furfura ya ce ya zo ya ji abin mamaki. Shi wannan ya saurara har ƙarshe, ya ce mahaifinsa ma yana da garmaho a da, ya ninke mini zanen da hannunsa ya mayar. Ya ce, “Allah Ya sa namu matan su yi mana rabin haka.” Na ce amin, amma su fara gyara famfo in an ce su gyara.

A Katsina na kwana gidan ƙanwar Malam, da sassafe aka sa ni a motar Abuja. Kusa da ni wani dattijo ne mai suna Garba, mutumin wajen Jibiya, yana komawa bakin sana’arsa. Ya ce shi baban bola ne a Mpape, wato masu bi gida-gida suna sayen tsofaffin ƙarafa da tarkace. Da hira ta yi hira na buɗe kilishin da na riƙo wa Zara’u tsaraba don ya ɗanɗana. Kuskurena ke nan. A Maraɗi ba a cin abu a mota a hana na kusa, ashe motar Abuja kowa na kusa ne. Takardar ta zaga har wurin direba, ta dawo mini da yaji kawai. Bayan Kaduna kuwa hira ta mutu, don kowa ya san labarin hanyar. Ni da carbina, wata ’yar Ibo a gabana da nata irin na coci, kowa na jan nasa har muka fita dajin. A Tafa aka tsaya, na ci doya da ƙwai mai barkonon da ya sa na tuna iyayena.

Da Garba ya ji abin da ya kawo ni bai yi dariya ba. Ya ce, “Baƙaƙen nan masu rami a tsakiya? Ai muna samu in an kwashe gidan manya. Ba su da nauyi a sikeli, roba ce, sai dai akwai wani oga a Gudu da ke saya.” Ya sa mini lambarsa a waya, ya ce in na rasa hanya in neme shi.

Gidan su Zara’u a Gudu bene ne mai hawa-hawa, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe. Da gari ya waye na yi abin da duk baƙuwar kirki ke yi, na yafa mayafi na bi ƙofofi in gai da maƙwabta. Ƙofar farko aka yi mini Turanci ta wani ɗan rami, ba a buɗe ba. Ta biyu wata mata ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ba sa sayen komai. Ban kai ta uku ba Zara’u ta biyo ni da gudu ba takalmi.

“Inna, don Allah! Nan ba a yin haka, sai an yi waya.”

“A yi wa maƙwabci waya kafin a ce masa ina kwana?”

“Ni kaina ban san sunayensu ba.”

Na ce Allah Ya kyauta, ranar da naƙuda ta kama ki sai ki yi wa ramin ƙofa bayani. Sai kuma maganar abinci. Kabiru yaron kirki ne, ma’aikaci a wata ma’aikatar gwamnati, amma boko ya cinye masa kunya. Ya ja mini kujera a tebur, ya zauna daf da ni, wai, “Mummy, bismillah, mu yi dinner.” Ni Rabi, in buɗe baki in sa loma a gaban suruki! Na ce na ƙoshi, alhali cikina na kiran ciroma. Sai da ya shiga ɗaki na zauna a ƙasan kicin na ci sakwara da miyar agushi, kuma in faɗi gaskiya, ba ta da laifi ko kaɗan.

Ranar Asabar Kabiru ya kai ni kasuwar Gudu. Shagon yana can lungu bayan masu kayan mota, cike da tsofaffin rediyoyi da sifikoki, fayafayai kuma jere a kwalaye har bakin ƙofa. Mai shagon, Oga Sunday, ƙato ne mai fara’a, Hausarsa irin ta Abuja, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

“Mama, sannu da zuwa! Kai ne ya zo daga Nijar? Zauna, zauna. Wannan record, tun da na fara business ban ga irinta ba. See as e dey shine!”

Da ya miƙo mini kwalin sai na ga jirgin nan da hayaƙinsa. Ban zaci zan yi kewar abin da na yi shekaru ina zagi ba. Na zaro faifan gefe da gefe yadda aka koya mini, ga shi baƙi wuluk yana ƙyalli. Kabiru har ya fara hamdala. Amma hancina ya ji wani ƙamshi da ba na faifai ba, irin na man da ake goge cikin mota, kuma yatsana ya yi maiƙo. Na fita da shi rana na karkata. Ƙarƙashin ƙyallin ga karce tun daga baki har kusan tsakiya. Na bi shi da farce, farcen ya tsaya cak.

Na ce a sa mini in ji. Babu wuta, sai da Oga Sunday ya tayar da janareto. Kiɗan ya fara lafiya, mai busa ya ɗauko hanya, sai allura ta maƙale, ya dinga maimaita abu guda kamar mai shaƙuwa. Aka tura ta gaba, ta sake maƙalewa. Oga Sunday ya sosa ƙeya.

“Wallahi Mama, ba ni ne ya shafa mai ba, haka aka kawo min. Amma kai ka san kaya. Ka yi wannan business a Nijar?”

“Haihuwa nake karɓa,” na ce.

Kabiru ya ja ni gefe ya ce mu saya hakanan, da babu gara ba daɗi. Na ce mutumin da ya rage masa ɗan ji kaɗan ba zan kai masa mai shaƙuwa ba, wannan kyan ɗan maciji ne. Na dai zauna na tsince kwalayen Oga Sunday har azahar, ina sunsunawa ina karkatawa, mutane na taruwa suna kallon tsohuwa. Wani na buɗe kwalin mai busa na tarar da waƙoƙin coci a ciki. Na zaɓar wa Malam ’yan kaɗan na jaz waɗanda suka ci jarrabawa, na saya. Da zan tafi Oga Sunday ya ce baban bolan da ya kawo masa wannan yana da wani irinsa, shi ne bai ɗauka ba don ba shi da kwali. A Mpape yake, amma bai san sunansa ba. Nan take na kira Garba.

Mpape a kan dutse take. Tasi ta hau da mu ni da Zara’u har inda hanya ta ƙare, sauran kuma a ƙafa, ta wasu ’yan lunguna da kwata ke bi ta tsakiya. Muna cikin hawa sai na ji wata ƙara, ƙasa ta girgiza. Na zube ina salati, na ɗauka yaƙi ya ɓarke. Wata mai tuyar awara ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce masu fasa dutse ne, in na kwana biyu zan saba. Amma a nan ne aka fara gaishe ni gaisuwar mutane tun da na shigo Abuja. Garba ya shimfiɗa mini buhu, aka tambayi gida, aka tambayi mai jiki, aka tambayi damina, aka kawo shayi. Ya riga ya bi ’yan’uwansa da tambaya har ya gano mai kayan, wani Isiya.

Isiya ya kai mu bayan rumfarsa, ya ɗaga wani kwanon rufi da aka danne da dutse. Fayafayan na ƙasa, a kwance kan juna, rana na dukan kwanon tun safe. Tun kafin in taɓa na san an yi ɓarna. Na samu Mai Jirgi ta takardar tsakiya. Layukansa baƙaƙe, ba karce ko ɗaya, ramin tsakiya kamar ba a taɓa sa shi ba. Amma ya kantare. Aka samo mini wani fasasshen madubi a cikin tarkace na ɗora shi, gefe ɗaya na taɓa madubin, ɗayan na kallon sama.

“Ni don kada ruwa ya taɓa su na rufe,” in ji Isiya. “Ashe rana ce abar tsoro?”

Ban ga laifinsa ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma gefe na zauna kan wata tsohuwar taya na kira Malam in gaya masa. Ina magana yana cewa, “Wa ke nan? Mi kika ce?” Na ɗaga murya har masu awara suka waiwayo, bai ji ba, sai da jikarmu ta karɓi wayar tana faɗa masa a kunne. Kafin in baro gida yana jina a waya in na ɗan ɗaga murya. Na kashe wayar na yi kuka, ban ɓoye ba.

Isiya ya tsaya yana murza hularsa. Can ya ce ya tuna gidan da ya kwaso kayan. Wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ’ya’yanta suka tashe ta daga Garki zuwa Bwari, shi ya taya su loda. Yana cikin kwashe fayafayan ta zo ta zare guda ɗaya mai hoton jirgi, ta ce ban da wannan. Ya kwatanta mana gidan, bayan kasuwa, kusa da wani coci mai bishiyar mangwaro.

Zara’u ce ta tuƙa mu Bwari. Da muka bar manyan gine-gine na ga gonakin doya da dawa, sai na ji numfashina ya dawo daidai. Matan Gbagyi, waɗanda mu muke ce wa Gwari, na tafe bakin hanya da itace da ƙwarya a kafaɗa, ba a ka ba. Na ce wa Zara’u ko wuyansu ke ciwo, ta ce al’adarsu ce, kai yana da daraja a wurinsu, ba a ɗora masa kaya. Na ce lalle da an gaya mana tun muna yara da ban yi wannan gajartar ba.

Mun sami matar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Sunanta Mama Jummai, doguwa, da tabarau, sa’ata ce ko ta ɗan girme ni. Hausarta tas, ta Kaduna. Ba ta tambayi abin da ya kawo mu ba sai da ta sa muka sha kunu muka ci dafaffiyar doya da manja. Da na ambaci faifai mai hoton jirgi sai ta ajiye tiren gyaɗar.

“Wa ya gaya muku?”

Na ba ta labari tun daga otal ɗin Kaduna har zuwa tayar Mpape. Da na gama ta ce, “Maigidana Ɗanladi yana ciki. Shi ne mai kaɗa babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana ja da yatsu, ya fi shi tsawo. Da aka buga faifan kowannensu aka ba shi ’yan kaɗan. Yara sun zubar da sauran, wannan na hana. Duk Lahadi in na dawo coci sai na sa shi.”

Ta shiga ta fito da shi. Kwalin ya sha liƙi da salatif. Na nemi izini na zaro, na karkata ga rana. Toka-toka ne gaba da baya. Ramin tsakiya ya sha zane har takardar ta koɗe. Duk abin da Malam ya ce in na gani in ajiye, ga shi a hannuna. Amma na bi shi da farce ko’ina, farce bai tsaya ba. Na ɗora shi kan gilashin teburinta, ya kwanta lif.

Ta sa shi a garmahonta. Abin da ya fara fitowa ƙara ce kamar an zuba ƙosai a mai, kuma ba ta daina ba har ƙarshe. Amma kiɗan na nan a ƙarƙashinta, allura kuma ta bi hanyarta ba tsalle ba maƙalewa, gaba da baya. Abin haushi, Malam ya yi gaskiya. Na tsinci kaina ina sanin inda mai busa zai shigo, da inda kowa zai yi shiru a bar mai babban goge shi kaɗai. Da aka zo wurin Mama Jummai ta ɗaga yatsa ta ce, “Ga shi nan.”

Ta yaya zan ce wa wannan mata ta sayar mini? Zara’u ta ce bari ta ɗauka a waya, ko banza a kai wa Baba wani abu. Aka sake sawa ta ɗauka, ta kunna mana. Suyar ta fito sarai, busar ta fito siririya. Mama Jummai ta kara wayar a kunne, ta yamutsa fuska.

“Ina Ɗanladi a nan? Babu shi.”

Gaskiyarta, wayar ta haɗiye shi. Na yi mata godiya, na ce mun ɗauki lokacinta, na fara neman takalmana. Ta ce in dakata. Ta tambaye ni abin da likita ya ce, na gaya mata. Ta tambaya ko kunne ɗaya ne ko duka biyun, na ce duka. Ta ɗaga faifan daga garmaho, ta goge shi da gefen zanenta, ta mayar cikin kwali.

“Ba na sayarwa ba ne, ko me za ki ba ni,” ta ce. “Aro zan ba ki. Ni kunnena lafiya lau, zan iya jira. Shi ba zai iya ba. Ranar da ya daina ji, ki dawo mini da mijina.”

Na ce, “Baiwar Allah, ba ki san ni ba. Ƙasata ma daban.”

“Matar da ta tsallako boda saboda kunnen mijinta, na san ta,” in ji ta. “Karɓi, kafin in sake shawara.”

Ba zan ɓoye muku ba, mu biyu muka yi ta kuka, Zara’u na tsaye tana kallon silin.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Na roƙi kujerar da rana ba ta bugu, akwati a cinyata, ko sauka cin abinci da shi nake yi. Abin da ke cina a rai shi ne me Malam zai ce. Ya aike ni neman baƙi, na dawo masa da toka.

Na iso gida bayan la’asar. Kafin in sha ruwa labari ya zaga, abokansa biyu na zaman hira sun iso, jikoki sun cika ƙofar ɗaki. Malam ya karɓi kwalin ya daɗe yana shafa jirgin. Ya zaro faifan, ya karkata ga hasken taga. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya dube ni, ya sake duban faifan, ya ɗora shi a garmaho ya sauke allura, ya ja kujerarsa daf da sifika.

Suya ta cika ɗakin. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Sai na ji ya buga cinya.

“Ikon Allah! Rabi, kin ga abin mamaki? Toka-toka a ido, amma ko ƙara guda babu! Tas yake, kamar ranar da na saye shi!”

Ɗaya daga cikin abokansa ya buɗe baki zai yi magana, na watsa masa harara, ya mayar da bakinsa ya rufe. Jikokin ma suka gane, babu wanda ya yi motsi. Sai a lokacin na fahimci inda kunnen ya kai. Siraran ƙararraki sun riga sun tafi, suyar ba ta isa gare shi, kiɗan kawai ke isa. Na ɗago kai na dube shi. Shi kuwa idonsa a rufe, ƙafar nan mai ciwo tana buga ƙasa. Da aka zo inda kowa ke yin shiru ya kamo hannuna a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba.

“Ji mai babban gogen ga,” ya ce. “Da can ban taɓa jin shi haka ba. Kamar yana cikin ɗakin.”

Kullum yanzu sai ya sa shi bayan la’asar, ni kuma na daina cewa hayaniyar tasha ce, ko da yake ban ce ya yi daɗi ba. Duk Lahadi in Mama Jummai ta dawo coci sai ta bugo mini. Ba ta doguwar gaisuwa, ta zauna Abuja da yawa.

“Kunnen fa?” ta ce mini wannan Lahadin.

“Da saura,” na ce. “Jiya ma cewa ya yi mijinki ya fi kowa fitowa.”

Ta yi dariya har da tari.

“To ya yi zamansa a nan. Dama shi yawon kiɗa ne aikinsa.”